Da Bakina Na Ce 'Yata Ce

Bismillahi. Da ita nake buɗe shago, da ita zan buɗe baki.

Ina gaishe ku masu bin labarina a waya, na kusa da na nesa. 'Yata Hansatu ce ke danna muku abin da nake faɗa, ita ce kuma ke karanta min abin da kuke rubutowa. Wata baiwar Allah daga Gombe ta ce wai tsoho da furfura me ya haɗa shi da labarin soyayya. To 'yar nan, je ki tambayi kakanki. In mai gaskiya ne zai gaya miki furfura a ka take tsayawa, ba ta gangarowa ƙirji.

Wanda bai san ni ba, ni ne Alhaji Inusa Mai Kwaɗo na babbar kasuwar Gran Marshe, layin 'yan ƙarfe, a nan Njamena. Na shigo garin nan daga Haɗeja ina ɗan shekara goma sha tara, lokacin ana ce masa Fort Lami, da tabarma ɗaya da buta. Yaƙin shekarar tamanin a nan ya same ni. Na haye kogi zuwa Kusiri ta Kamaru da yaro a kowace kafaɗa, na dawo na tarar da shagona ko rufi babu, na sake kafawa. Ranar da 'yan tawaye suka shigo gari kowa na gudu da katifa a ka, ni ina ƙofar gidana a unguwar Shaguwa ina dafa shayi. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, amma ina jin Hausa, ina jin Larabci, ina jin Barbarci, ga Faransancin da ya ishe ni ciniki da faɗa. Harsashi bai kayar da ni ba, kwalara ta zo ta wuce, ambaliya ta shigo min har ɗaki na kore ta da bokiti. Sai ga malamar makaranta da jan biro tana neman kai ni ƙasa.

Sunanta Ummukulthum, 'yar Gusau, mu Malama muke ce mata. Mijinta ya rasu, 'yarta guda tana aure a Sakkwato. Shekararta arba'in da ɗaya, in ji Hansatu, don ni ban tambaya ba. Shekara biyu ke nan da wata makarantar kuɗi a unguwar Butalbagar ta ɗauko ta koyar da Turanci. Direktan da kansa ya kawo ta gidana, ya ce ana neman mata ɗaki a gidan Hausawa, don ba ta jin Larabci, ba ta jin Faransanci, ko ruwan sha ba za ta iya saya ba. Na dube ta. Doguwa, baƙa, da tabarau da wushirya, hijabi ruwan toka, ta rungume jaka kamar za a fizge. Tun rasuwar uwar su Hansatu, shekara tara, ban ƙara duban mace sau biyu ba. Ranar sau uku na duba.

Washegari na tafka wautar da nake girba yau. Muka je wurin mai unguwa don a yi mata takardar zama. Zaure cike da maza, sai wani mai dogon baki ya ce, “Alhaji, gwauro da bazawara a gida ɗaya? Ko dai mu fara wanke baki don cin goro?” Aka kwashe da dariya. Na ga ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci. Na bugi ƙirji na ce, “Wannan 'yata ce. Yadda Hansatu take a wurina haka take. Wanda ya sake haɗa sunana da nata a bakin banza, ni da shi ne.” Na dangwala yatsa a takarda. Tun daga ranar duk Shaguwa ta san Malama 'yar Alhaji Inusa ce, ita ma ta ɗauki “Baba” ta liƙa min. Na ce a raina ba komai, ko ban faɗa ba, me mace mai ilimi za ta yi da wanda ya kai saba'in?

Wata ukun farko kullum da jan ido take dawowa. Yara sittin da 'yan kai a aji ɗaya, rufin kwano, ga zafin garin nan da ke dafa ƙwai a aljihu. Tana cewa su zauna suna kwaikwayon muryarta, har sun raɗa mata Madam Angile, wato Madam Turanci. Ni na zaunar da ita a gindin darbejiyar tsakar gida na koya mata yadda ake daka tsawa da Larabcin garin nan. “Askutu!” wato ku yi shiru. Na ce kada ki roƙe su, daga cikin ciki za ki fito da ita, kamar kina kora awaki daga rumbu. Mako guda aji ya kwanta. Ni na nuna mata motar da za ta hau da inda za ta sauka. Ni na koya mata cin kisar, wata siririyar waina ta nan, da miyar busasshiyar kuɓewa, da ta ce tuwon garin nan ba ya zama mata a ciki. In ta dawo bayan azahar sai ta baje littattafan yara a tabarma tana bi da jan biro, ni ina gefe da gawayi ina dafa mata jan shayi, tana ba ni labarin wanda ya yi barci a aji da wadda ta kawo mata dabino a ƙullin gyale. Shekara biyu, jama'a. Wane saurayi a cikinku ya taɓa yin wannan hidimar?

Bara ta ce tana so ta buɗe aji ranar Lahadi a zaurena, don 'yan kasuwa masu son su iya karanta saƙon waya, su daina kai wa wasu sirrinsu.

“Baba, kai ne ɗalibina na farko,” in ji ta.

Na yi dariya har da tari. Ni? In zauna a tabarma da farin gemu ina maimaita baƙi kamar aku? Na ce Malama, kaina ya fi littafi, kwaɗo dubu a shagona na san mabuɗin kowanne. Na ba su zaure, na ba su tabarmi, ban shiga ba. Mutum tara suka fara, uku suka rage, cikinsu har da Haladu mai yadi.

Haladu! Badamagare, shekara biyar kacal na ba shi. Ni na tsince shi a tashar Kusiri bayan yaƙi, da ƙwarƙwata har a gira, na kawo shi kasuwa na samar masa gindin zama. Matarsa ta rasu shekara uku, 'ya'yansa duk sun yi aure sun watse. Gajere ne, ga tumbi, ga haƙorin Makka guda da yake buɗe wa kowa ko ba a yi abin dariya ba. Ranar Lahadi ina daga cikin gida ina jin muryarsa a zaure yana haɗa baƙi kamar bunsurun da aka ɗaure a rana. Dariya nake masa. Allah sarki, ni nake masa dariya.

To ga abin da ya faru makon jiya.

Ranar Laraba Malama ta dawo daga makaranta ba da hijabinta ba, da lafaya ruwan zuma mai ɗigon fari, ta naɗa ta irin na matan garin nan, tana wucewa ƙamshin turaren wuta na bin ta. Na gane yadin nan take, don a gaban idona aka kwance dilarsa a shagon Haladu. Ta zauna ta buɗe littafi, wayarta ta yi ƙara, ta duba ta yi murmushi har wushiryar ta fito. Ta sake yin ƙara, ta sake dubawa, wannan karon har da rufe baki.

“Malama, wane ne wannan ke sa ki dariya, ga shayi yana hucewa?”

“Wani ɗalibina ne, Baba. Barka da dawowa yake min.”

“Yaran yanzu har lambar malamarsu gare su?”

“Wannan yaron ya ɗan manyanta.”

Hansatu da ke tankaɗe a ƙofar kicin ta tuntsire har gari ya zube. Yanzu ma ga ta nan tana yi. Rubuta, ba dariya na sa ki ba.

Malama ta ajiye wayar a tabarma, fuskar na kallon sama, ko kifewa ba ta yi ba. Me za ta ɓoye wa wanda bai iya ba? Na ƙura wa baƙaƙen ido, jere kamar tururuwa sun sami sukari, wani yana yi mata magana a gabana, a tsakar gidana, ni ina zaune da butar shayi kamar kurma. Ba na ce na yi nadamar ƙin karatu ba. Cewa na yi da wayar nan tana da wuya da na shaƙe ta.

Da ta gama ta tattara littattafan ta tsaya. “Baba, Yaya Dawuda zai turo maka saƙo daga Gusau. Don Allah ka saurara da kyau.” Ta shige ɗaki da sauri, ba ta ko shanye kofi na biyu ba.

Bayan la'asar ina shago saƙon ya shigo, na murya. Na kara a kunne.

“Salamu alaikum Baba Alhaji, Dawuda ne, wan Ummu. Allah ya saka da alheri bisa riƙon da kake mata. To wani bawan Allah, Alhaji Haladu, ya kira ni yana neman aurenta, ita kuma ta ce ta amince. Ni ƙafar nan ba ta barina doguwar tafiya. Don haka na wakilta ka. Kai ne ubanta a can, kai ka san mutumin. In ka ga ya dace ka bayar, in ka ga bai dace ba ka hana, ba mai tambayar ka dalili. Sun ce za su zo Juma'a bayan la'asar.”

Sau bakwai na saurara. Wani ya zo sayen ƙusa na ba shi sakata.

Ku fahimce ni. Da wani matashi ne mai ɗamarar wuya da takalmi mai ƙyalli, da na haɗiye na ce ruwa ya bi hanyarsa. Amma Haladu? Mai shekara sittin da bakwai, wanda gwiwarsa ke ƙara in zai yi ruku'u? Ashe furfura ba ta dame ta ba. Ashe shekara biyu ina tsaye a bakin ƙofar da ba a kulle ba, ni da nake taƙama na san kan ƙofofi, wani ya zo ya tura da yatsa ya shige.

Ranar Alhamis da hantsi na ratsa kasuwa har layin 'yan yadi. Yana zaune a kan dila, da biro biyu a aljihun gaba kamar magatakarda.

“Yaya Inusa! Lale, lale! A kawo kujera.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Haladu, a zaurena? A kan tabarmata?”

“Karatu na je yi, Allah shaida. Sauran kuma Allah ne ya haɗa.”

“Karatu! Kai da ba ka bambance gaban jarida da bayanta?”

“Da ke nan, Yaya. Yanzu har Dubai nake aika saƙo da hannuna.”

“Ka manta wanda ya aske maka kai a tashar Kusiri?”

“In na manta Allah ya tuna min. Har yau akwai tabon askar, ga shi nan.” Ya cire hula ya nuna, maƙwabtansa suka fashe da dariya.

“Me ya hana ka zuwa wurina tun farko?”

“Ai ga shi zan zo gobe, da liman da goro, yadda ake zuwa wurin uba.” Sai ya sauko daga kan dilar ya matso, ya rage murya, haƙorin Makkan ya ɓuya. “Yaya, tsakanina da Allah, kafin in furta sai da na tambayi mutum uku ko kana da ra'ayi. Kowa ya ce haba, 'yarsa ce, a gaban mai unguwa ya faɗa. In akwai wata magana faɗa min yanzu, wallahi in janye. Ba zan shiga gabanka ba.”

Ga dama har hannu. Na waiga, layin yadi duk sun bar awo sun kasa kunne, har mai shara ya jingina da tsintsiya. In ce me? In ce Inusa Mai Kwaɗo ya yi shekara biyu yana kiran mace 'yarsa yana haɗiyar yawu? Kafin azahar da labarin ya isa Kusiri.

“Wace magana?” na ce, da ƙarfi don kowa ya ji. “'Yata ce mana!”

“To alhamdu lillahi, Baba.”

Baba! Haladu ne ke ce min Baba. Na juya na tafi, ban san ta inda na fita kasuwar ba.

Da magariba Hansatu ta kawo min tuwo ta ƙi tashi.

“Baba, ka san na sani.”

“Kin san me?”

“Tun da ta zo gidan nan kake rina gemu kana cewa maganin ƙaiƙayi ne. Ko dai ka faɗa mata, ko ka bayar da zuciya ɗaya. Amma in ka hana don ƙyashi, marainiya ce a ƙasar da ba tata ba, Allah zai tambaye ka.”

“Ke da ubanki kike wannan magana?”

“Da shi fa. In ban faɗa maka ba wa zai faɗa?”

Halin uwarta ta ɗauko, ba ragi.

Ranar Juma'a makaranta da wuri ake tashi. Na sa farar jallabiyata ta Makka, na naɗa rawani irin na Larabawan garin nan, na shafa turaren da nake ɓoyo don Sallah. Ƙarfe sha ɗaya ta shigo, alli ya ɓata mata gefen hijabi, ta rungumo littattafai har haɓa.

“Malama, ajiye ki zauna.”

Ta zauna a bakin tabarma.

“Me kika gani a jikin Haladu?”

Ta daɗe tana juya biro a hannu. “Baba, ranar da ya kasa rubuta sunansa 'yan ajin suka yi masa dariya, Lahadi ta gaba shi ya riga kowa zuwa. Namijin da bai ji kunyar cewa ban sani ba a gaban mace, zama da shi ba zai yi wuya ba.”

Kamar ta watsa min ruwan shayi a ƙafa. Na daure.

“Yana minshari. Ɗaki ɗaya muka kwana shekara biyu bayan yaƙi, har maƙwabta na buga bango.”

“Marigayi ma yana yi, Baba.”

“Yana da ciwon suga.”

“Na sani. Ni na raba shi da alawa.”

“Rowa gare shi. Ƙyallen da ya rage a awo ba ya bari tela ya ɗauka.”

“Mai tattali ke nan.”

“To ni fa?”

Haka ta fito, ban shirya ta ba. Ni da na tsaya gaban bindiga ban yi in'ina ba, sai ga muryata kamar ta ɗan akuya. Har Hansatu ta daina wanke-wanke.

Malama ta cire tabarau ta goge da bakin hijabi. Ba ta yi dariya ba, wannan zan gode mata har in mutu.

“Na sani, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Tun azumin bara, da na yi zazzaɓi ka hana kowa daka a layin nan har kwana huɗu.”

“Kika yi shiru?”

“Me zan ce? Ranar da na zo garin nan ba ni da kowa, ka tsaya a gaban maza ka ba ni uba. Nawa ya rasu ina 'yar shekara shida, ban san daɗin abin ba sai a gidan nan. Miji kuwa na taɓa yi, na san yadda yake. Ba zan iya mayar da kai miji ba. Ko duk Shaguwa ta yarda, ni bakina ba zai juya ba.”

Na ce, “In na hana fa? Wanki ya ce ba mai tambaya ta dalili.”

“In ka hana na hanu, ba zan tsallake maganarka ba. Amma ba zan iya ci gaba da zama muna kallon juna da wannan a tsakani ba. In an rufe makaranta sai in koma Gusau. In ka bayar kuwa ina nan garin. Gidansa a Butalbagar yake, kusa da makaranta, zan riƙa zuwa gaishe ka.”

Kun ji fa. In hana ta tafi Gusau, in bayar ta tafi Butalbagar. Ko ta ina, tsakar gidana ce za ta zama kango.

Na tafi masallaci, amma kada ku tambaye ni abin da liman ya yi huɗuba a kai. Ina zaune a sahu na biyu kaina na aiki kamar injin niƙa. Kafin a tayar da salla dabara ta faɗo min, har na ji daɗin kaina. Ba zan hana ba, ba wanda zai ce Inusa ya hana. Sharaɗi zan kafa wanda Haladu da bakinsa zai ce ya fasa. In shi ya janye, laifi ba nawa ba ne, Malama ba ta da dalilin haɗa kaya. Ku da kuka yi boko, a wane aji ake koyar da irin wannan?

Bayan la'asar suka zo. Malam Ghali limamin layinmu a gaba, sai Abbas ƙanin Haladu, sai shi gogan a baya cikin shadda ruwan sararin samaniya da ta sha bugu, tana ƙara in ya motsa. Aka dire ƙwaryar goro, farare da jajaye an yayyafa musu ruwa, ga dabino, ga kwalin alawa. Na zauna a kan buzuna na miƙe ƙafa ɗaya. Ta bayan ƙofar cikin gida ina jin motsin awarwaro, na san Hansatu da Malama na nan a laɓe.

Malam Ghali ya yi salati, ya yi bayanin abin da ya kawo su, ya ce, “Alhaji, muna nema wa ɗan'uwanmu Haladu auren 'yarka Ummukulthum.”

Na yi gyaran murya na bar su suna jira. “Na ji. Haladu na san shi tun ba shi da wando biyu. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, salla kuwa ko da gwiwa na ƙara yana yi. Amma ina da sharaɗi guda. Amana aka ba ni daga wata ƙasa. 'Yata ba za ta bar gidan nan ba. Mai son ta ya zo ya zauna inda take.”

Liman ya tsaya da jan carbi. Awarwaron ma ya daina motsi.

“Alhaji,” in ji liman, “wannan ai ba a saba ba. Mace ke bin miji.”

“Ni ma ba a saba ganin irina ba, Malam.”

Abbas ya zabura. “Haba Alhaji! Dattijo da gidansa na siminti, ɗaki biyar, ya kwaso buta ya tare a gidan surukai? Ai sai kasuwa ta ɗauke shi a baki har ya mutu!”

“To ka ji,” na ce, na ɗaga hannu. “Ni dai ban hana ba. Ku shaida ban hana ba.”

Haladu ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Na ga zufa na bin wuyan shaddar. A raina har na fara tunanin wa zan ba goron ya mayar musu. Can sai ya ɗago.

“Ɗakin da take ciki, yana da taga ta gabas?”

“Ina ruwanka da taga?”

“Saboda ƙirjina, ba na son ɗaki mai zafi.” Ya mayar da hula ya buɗe haƙorin nan. “Na yarda.”

“Yaya!” in ji Abbas.

“Bari, Abbas. Gidan can ya yi min girma tun da yara suka watse, ni kaɗai nake hira da bango. Nan kuwa ga Malama, ga Hansatu da girkinta, ga Baba gwanin shayi. Kasuwa ta yi ta dariya, ai sun saba yi min, ban ga abin da ya rage ni da shi ba.”

Malam Ghali ya juyo gare ni yana danne murmushi a cikin gemu. “To Alhaji, an cika sharaɗi. Ka bayar?”

Ido shida a kaina, ban da huɗun da ke bayan ƙofa. Tarkon ni na haƙa, ni na rufe da ganye, ni na taka. Kuma ni Inusa ban taɓa faɗar magana a gaban maza na janye ba, ba kuma a kan Haladu zan fara ba.

“Na bayar.”

Aka shafa fatiha. Hansatu ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse. Aka sa rana, Asabar ta sama. Da suka fita Malama ta leƙo, ido duk ruwa, ta durƙusa ta ce, “Baba, Allah ya bar mana kai.” Na ce amin, na ce kuma ta tashi, ƙasa da sanyi. A watan da ƙasa ke ƙona ƙafa.

Na auna da ƙafata, taku goma sha ɗaya ne daga ƙofar ɗakina zuwa tasu. Nan zan riƙa ganin takalmin Haladu kowace safiya, nan zan riƙa jin tarinsa.

Na ɗauka ta ƙare ke nan, sai shekaranjiya Hansatu ta tare ni zan fita.

“Baba, kayan ɗaki fa? Ka san gado a kan uban amarya yake.”

“Gado? Ni?”

“To wa? Ko so kake a ce an aurar da 'yar Alhaji Inusa a kan katifar haya?”

Ba za a ce ba. Ina raye ba za a ce ba. Na wuce kai tsaye wurin kafintan bakin gadar Shaguwa, na zaɓi jan katako mafi tsada a rumfar, na ƙwanƙwasa da zobe na ji amonsa. Ya ciro awo daga wuya ya ce, “Alhaji, wane faɗi za a yi?”

Na ce ya yi mai faɗin da in mutum ya kwanta a wannan gefe, sai ya ɗaga murya na wancan gefen zai ji shi.

Ya dube ni ya dubi awon. “Alhaji, wannan ai ba zai shiga ƙofa ba.”

“A fasa bangon,” na ce. “Gidana ne.”